Gari Don Huhu

A Samaru, bene na biyu, na rufe taga,
don danshin Agusta bai san sallama ba.
Jiya ya shigo ya dunƙule mini aikin mako uku.

Gwaggo Ladidi ta koya mini tankaɗe
a Tudun Wada, da rariya mai karyayyen baki.
Takan murza da yatsa biyu ta ce, "Da saura."
Yau ma'auni ke gaya mini haka.

In ƙwayar ta yi girma, a maƙogwaro take zango.
In ta cika laushi, ta shiga ta fito
kamar baƙon da bai tarar da masu gida ba.
Sai in goya ta a bayan sukarin madara,
in ce: riƙe, amma kada ki ƙanƙame,
in kun sha kwana ki sauka.

Ƙarfe biyun dare Tanimu kan zauna dafe da gwiwa,
ƙirjinsa na busa usur.
Ƙanena ne. Bai sani ba,
da raunin numfashinsa na saita injin gwaji.

Gobe haɗi na sha tara.
Allah sa wuta ta kai azahar.