Sunan da Ke Ƙirjina

Ana sallame Asuba nake gangarawa bakin Tiga,
ruwa baƙi wuluk, jirgin Baba na gyangyaɗi a turke.
Shi yana warware koma,
ni ina ɗaura agogon da ke ƙirga bugun zuciyata
ya kai rahoto ga wani mutum a Legas
wanda ban taɓa haɗa kwano da shi ba.

Baba ya ce, "Sallau,
kakanka ya yi iyo don giwan ruwa,
ni na yi iyo ran da jirgi ya kife da ƙaninka.
Kai kullum sai ka yanka ruwa har tsibiri
ka fito hannu rabbana.
Wane irin su ne wannan?"
Ba ni da amsa. Na faɗa ruwa.

Keke na jirana a gindin giginya,
siriri kamar zalɓe, yatsa biyu ke ɗaga shi.
Kuɗinsa ya fi shanun huɗar Kawu Barau, har da garmar.
Tanimu mai faci sai ya wanke hannu
kafin ya taɓa tayarsa.
Ba nawa ba ne.
Shafi na uku na takardar ya faɗa ɓaro-ɓaro,
kuma na san abin da ake cewa kan kayan aro da katara.

Dogon wando nake ɗorawa kan matsattsen
har sai na wuce gidan ƙarshe,
don kada idon Gwaggo Ladidi ya faɗa kan cinyata.
Daga nan sai hanya:
Rurum, Rano, kwanar Kibiya, a juyo.
Motar rake ta hura mini hayaƙi,
akuya ta yi shawara a tsakiyar kwalta,
yara na ihu, "Wa ya biyo ka?"
Ba kowa, yara.
Lamba ce kawai a wuyan hannuna,
ita kuwa ba ta gajiya, ba ta jin ƙishirwa.

Sunan lemon gwangwani ne a ƙirjina, ja da fari.
Duk Juma'a in hau dutsen bayan gari, inda waya ke kamawa,
in ɗaga gwangwani, in washe baki, in tura hoto.
Amma gorar da ke jikin keken
kunun tsamiyar Iya ce, da ɗan gishiri.
Wannan ba ya cikin hoto.

Kwanon da ke kan ɗakin Iya, cinyar nan ce ta saye shi.
Kuɗin makarantar Tasalla ma haka.
Shi ya sa ban gaya wa kowa ba
gwiwar hagu na ƙara kamar tsohuwar ƙofa
in na kai kilomita na bakwai a guje
kan gaɓar magudanar masu shinkafa.

Bana na zo na huɗu.
Daƙiƙa tara.
Uku ke hawa dandamali, na huɗu ya nemi inda ya bar takalminsa.
Mutumin Legas ya rubuto: "Za mu duba a Disamba."
Na karanta sau goma. Kalma biyar ce har yanzu.

Da magariba Baba na gyaran koma, bai ɗago ba,
ya ce, "Daƙiƙa taran nan,
filafili nawa ke nan?"
Na ce, kamar shida.
Ya ce, "Shida."
Ya ja zare da haƙori.

Washegari na faɗa ruwa,
sai na ji motsin katako a damana.
Ya bar koma a tudu.
Yana tuƙi, hancin jirgin na gabana da taƙi ɗaya,
in na matso ya ƙara,
in na sassauta ya bugi gefen jirgi da filafili.
Bai ce uffan ba har tsibiri.
Can ya dube ni ina haki,
ya ce, "Kana ɗaga kai da yawa.
Kifi ba ya duba inda za shi."

Ranar ba mu ci miyar kifi ba.
Iya ta kaɗa kuka, ba ta tambaya ba.