Ɗaci a Tambulan

Ƙarfe shida a Kalkata, ruwa ya ɗauke,
fanka na juyi kamar tsohon da ya gaji da gardama.
Haradhan ya ɗaga tambulan ga fitila,
ya duba, ya hura, ya sake gogewa.

Ƙanƙara tukuna, manya, har baki,
ƙanana saurin narkewa gare su, sai su yi wa harshe ƙarya.
Sai giyar jin, awo guda, ba a sakin hannu,
ƙanshin junifa kamar an karya ɗanyen reshe.
Tonik a hankali, ta bayan doguwar cokali,
kada kumfa ta firgita ta gudu.
Lemun tsami a ƙarshe: a murza ɓawon a leɓen tambulan,
a jefa yankin ciki, a juya sau ɗaya.
Ɗaya tak.

Baƙuwar daga Biristol take, Imogen,
alƙalami a hannu, takarda bisa cinya.
"Wa ya fara haɗa wannan?"

"Sauro," in ji shi.

"Ɓawon wani icce ne daga duwatsun ƙetaren teku,
aka niƙa, aka ce kwinin, maganin masassara,
ɗacinsa ya sa maɗaci jin kunya.
Sojojin Ingila suka yamutsa fuska,
aka zuba ruwa, aka zuba sukari, bai haɗiyu ba,
har wani ya tsiyaya jin a kai,
magani ya zama abin marmari.
Haka aka ce. Ni ban ga ranar ba.

Abin da na sani, kakana Bhuban
shi ke jan igiyar fifita a barandarsu,
igiya ɗaure a babban yatsan ƙafa, har asuba.
Ya san ƙanshin lemun, ya san ƙarar cokali.
Damina ɗaya zazzaɓi ya kwantar da shi,
kwana tara,
taku uku tsakaninsa da kwalbar."

Alƙalami ya tsaya.
Ƙanƙara ta yi ƙas a cikin tambulan.

"Sha," ya ce, "kafin ya zama ruwa."

Shekara arba'in da ɗaya yana haɗawa,
jin bai taɓa ratsa maƙogwaronsa ba.
Amma in an kife kujeru, an rage fitila,
yakan tsiyaye ragowar tonik da ta huce,
ba lemo, ba ƙanƙara,
ya shanye a tsaye, ɗacin zalla,
sauro na kuka a bayan kunnensa,
shi kuwa bai ko kore shi.