Kukan Ƙafar Baya

Da hantsi Laraba ta shigo gareji,
a-kori-kurarta na ƙamshin citta tun daga Kachiya.
Ta ce, "Baba Ilu, motar nan gurnani take.
In na wuce sittin, sai ka ce injin markaɗe na goya.
Wani ya ce taya ce, na sauya taya.
Wani ya ce giya ce. Ni dai aljihuna ya sha wuya."

Baba Ilu ya gyaɗa kai kamar ya ji duka.
Ni na san rabi ya ji.
Shekara talatin guduma na gatsar kunnensa,
ba mai faɗa a garejin nan,
ni ma ban taɓa faɗa ba.

Muka hau baifas, shi a sitiyari,
ni a baya, durƙushe tsakanin buhuna.
Ya karkata hagu, kukan ya ƙaru.
Ya karkata dama, ya lafa
kamar jaririn da aka miƙa wa nono.
Na bugi rufin mota da tafi:
"Oga, ƙafar dama ce!"
Bai waiwayo ba. Ya dai juya a Kurmin Mashi.

Dutse a gaban taya, jak a baya,
kututturen darbejiya a ƙarƙashi,
don jak, in ji shi, ba ya rantsuwa.
Ya kama taya sama da ƙasa, ya girgiza,
ta amsa masa: ƙwas, ƙwas.
Sai ya ɗauko dogon sukundireba,
ya kafa tsinin a jikin ƙarfe,
ya ciji ƙotar da haƙoran da suka rage,
ya yi min alama in juya.
Na juya. Ya rufe ido.
Abin da kunne ya hana shi, muƙamuƙi ya ba shi.
Ya tofar da yawu ya ce, "Boris ne.
Tsakuwa yake taunawa."

Noti shida, durom ya fito.
Takalman birki sharkaf da man giya,
sil ta daɗe da sakin amana.
Noti huɗu a bayan faranti.
Shaf ya ƙi, muka ja, ya ƙi,
a na uku ya taho da ni har ƙasa,
da wari irin na ƙwan da kaza ta guda.
Kurfi da guduma suka tsage zoben da ke riƙe.
Ga ƙwallayen nan a tafina,
duk zanzana, shuɗi-shuɗi don ƙuna.

Panteka, shagon Ikenna, kwali biyu kan kanta.
"Wannan zai kai ka salla. Wannan zai kai ka aure."
Na kira Laraba, ta yi tsaki, ta yi lissafi,
ta ce, "Araha ba ta ado, ɗauko na auren."
Baba Ilu ya so a sauya na hagun ma,
tagwaye ne, tare suka sha ramukan hanya.
Ta ce sai citta ta yi kuɗi.

Muka danna sabo a hankali, ba duka,
muka gasa zobe a garwashin mai shayi,
ya zame, ya zauna, ya huce, ya ƙanƙame.
Sabuwar sil, giris a leɓenta,
man giya har ya taɓo ɗan yatsa a bakin rami.

La'asar sakaliya muka koma baifas.
Sittin. Saba'in. Iska kawai.
A gindin gadar Kawo ya tsaya,
ya zagayo, ya ɗora tafi kan cibiyar taya.
Sanyi ƙalau.
Ya duƙo, murya ƙasa-ƙasa,
don kada Laraba ta ji:
"Tanimu, ya yi shiru?"
Na ce ya yi.
Ya dubi bakina, ba idona ba.
Na sake faɗa, a hankali.