Awon Tafin Hannu

Babana Nomau, basarken Yauri,
wanda ya taɓa jan giwan ruwa shi kaɗai
har bakin kwalekwale ya sha ruwa,
yau ni nake auna masa kifi
da faɗin tafin hannuna.

Likitar ƙoda a Birnin Kebbi ta ce:
"Rariyarsa ta gaji.
Kada ku cika mata aiki,
kada kuma ku bar jiki ya ci kansa.
Kaɗan, amma mai kyau."
Na ƙulle maganar a bakin zane
tare da kuɗin mota.

Sai in fasa ƙwai, in tsame gwaiduwa
in ba Ige, farin nasa ne.
Karfasa sabuwar kamu, dafaffiya, ba gishiri.
Bandar da ke rataye a rumfa
ta zama ta baƙi.
Kanwa ta bar gidanmu ba sallama.
Kilishin da Barmo ya kawo daga Jega
na karɓa a zaure, na yi godiya,
na ɓoye.

Ya dubi akushi, ya dube ni:
"Kulu, ai wannan nake sa wa ƙugiya."
Muka yi dariya. Tawa ba ta kai ciki ba.

Makon nan kumburin ƙafa ya saɓe,
takalmi ya shige ba gardama.
Da la'asar na raka shi bakin Kwara,
ya zauna yana ɗinke wa yara koma.
Kogi cike da abin da ba zai ƙoshi da shi ba,
shi kuwa yana kiran kowane kifi da sunansa.