Shafin Ƙarshe

Littafin ya fito daga jakar Inno mai ɗinki,
ya kwana uku a Mabera, ya leƙa Runjin Sambo,
ya dawo da tabon manja a shafi na arba'in.

Labarin ba yawa:
ungozoma mai ritaya, furfura na leƙe ta bakin ɗankwali,
da dillalin albasa, matarsa shekara shida a ƙasa.
Kullum ya miƙo hannu a auna masa jini,
jinin kuwa lafiya lau.
Daga baya 'ya'yansa suka zo ɗaukarsa.
Ta raka shi tasha da ƙullin fura.

Tumba ta ce, "Wanga marubuci mugu na.
Mi za ya rage mai in ya ɗaura musu aure?"
Ige ta ce ita haka ya fi mata,
abin da bai dahu ba ba ya ƙonewa.
Ɗiyar Tumba, mai sha tara, ta tuntsire:
"Soyayya da ciwon gwiwa?"
Ba wadda ta tanka.

Ni a tsakar gida na karanta,
an ɗauke wuta, da fitilar waya.
Da na iso tasha sai na rufe,
na tashi na ɗauraye kwanonin da na riga na wanke.

Da safe Inno ta buɗe, ta dube ni:
"Hajo, ina shahin ƙarshe?"
Na ce haka na same shi.

Yana ƙarƙashin matashina.
A ɗakina motar ba ta tashi ba tukuna.