Ragin da Aka Yi Mini

Jiya na sayi man gyaɗa a sabon kantin hanyar Tanut,
wanda ƙofarsa ke buɗe kanta in ta ga mutum.
Kwalba ɗaya, ragin dala talatin.
Ban taya ba, ba a ce mini albarka ba,
wata 'yar takarda ja ce ta yanke magana.
Na fito ina taku kamar wanda ya ci riba.

Sai a gida, da na kwance murfin,
hancina ya gane man.
Na Cima ne, ta Mirya.
Na san shi yadda ake sanin tarin maƙwabci ta bayan katanga.
An cire sunanta, an liƙa hoton rana tana dariya.

Su goma sha biyu ne ke suya tun kiran farko,
su matsa tunkuza har kafaɗa ta daina jin magana.
Aka ce musu: ku kawo jarka ɗari, mu ne kasuwarku.
Suka ci bashin gyaɗa, suka kawo.
Aka ce kuɗi sai bayan kwana casa'in.
Mai gyaɗa bai san casa'in ba, shi Laraba ya sani.
Ranar biya aka ce jarka tara sun kwanta,
aka zabge,
aka ce in ba su yarda ba
akwai man ƙetare yana jira a bakin teku.
Cima ta dangwala yatsa.
Yatsan ma mai ya bari a takardar.

Wanda ya miƙo mini canji Mutari ne, ɗan ƙanwata.
Bai ce kawu ba, ya ce mun gode, sai kun dawo,
don akwai ido a saman rufi da ba ya ƙiftawa.
Ba shi da kujera.
Wai mai zama yana korar ciniki.
Wata uku-uku ake sabunta takardarsa,
shekara biyu ke nan yana baƙo.
In kwalba ta fashe, a albashinsa take fashewa.
Da dare ana lalube aljihunsa a bakin ƙofa,
wannan ƙofar dai mai ladabi.
Uwarsa ke gasa masa ƙafa da ruwan zafi,
in famfo ya kawo.
Su can tankinsu bai taɓa jin ƙishi ba.

A kwanar lungunmu, nan Birni,
Malam Kiyari ya rufe shago kafin azumi.
Yana da wani littafi mai baƙin bango,
sunana ya cika shafi biyu a ciki.
Shekarar da Gaptiya ta kwanta asibiti
sukari da sabulu sun yi ta zuwa gidana,
alƙalaminsa kuwa ya ce tawada ta ƙare.
Yanzu yana zaune a dakalin masallaci yana jan carbi,
ni kuma na bi ta bayan gida
don kada ya ga ledar da ke hannuna.

Ba zan yi musu ƙarya ba:
sun shafe katangar makarantar unguwa da fenti,
sunansu ya fi na makarantar girma.
Kuma fansho ba ya kai ashirin ga wata.
Kuma ƙosan da aka toya da man ya yi daɗi,
jikokina sun lashe yatsu.
Ƙarshen wata ƙafata za ta koma, na san halinta.

Dala talatin ɗin ce ta hana ni barci.
Na juya ta a tafin hannu,
ina neman inda kafaɗar Cima ta ƙare,
inda dugadugan Mutari suka fara.
Ƙarfe ba ya faɗa.

Da asuba na jefa ta a akwatin masallaci.
Ta yi ƙara.
Malam Kiyari ya ɗago kai ya ce Allah ya karɓa.
Na ce amin,
ban dai san sunan wa za a rubuta ba.