Matakala Tamanin a Valparaíso

Don Evaristo ya sake watso ruwan wanke-wanke
a kan shanyata.
Jiya ya kira ɗana ɓarawo
saboda lemo ɗaya da iskar teku ta kaɗo.

Yau Lahadi na karɓi Jibin Ubangiji,
sunansa na bakina kamar maɗaci.

Har yamma tagarsa a rufe.
Ba zagi, ba tsaki.
Shirun ya hana ni sakat.

Na hau matakala tamanin, kwanon miyar kifi na ƙona ni.
Yana kwance, zazzaɓi ya ci ƙarfinsa,
hoton marigayiya kife a ƙirjinsa.

"Gishiri ya yi yawa," in ji shi.
Ya shanye tas.

Ya Yesu, kai ma an tofa maka yawu.
Gobe zan rage gishirin.